Abin da Ya Ci Ikko Bai Bar Gusau Ba

Jama'a, akwai wata magana da ta zauna a bakin wasunmu ɗalibai, har ma da wasu malamai, wai tarihin Ikko da na jiragen ruwan Turawa ba abin da ya sha mana kai ba ne, tunda mu ba mu da teku. A wurinsu tarihinmu ya ƙare a jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ni kuwa na ce wannan kuskure ne babba, kuma Sabon Garin Gusau kaɗai ya isa hujja.

Bari mu bi abin daki-daki. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka ɗora Akitoye. A 1861 suka tilasta wa Dosunmu ya miƙa musu garin ɗungurungum. Bayan shekara biyu, wato a 1863, wani hafsan sojan ruwa mai suna Glover ya tara Hausawan da ke can bakin teku, yawancinsu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga. Daga wannan 'yar runduna ce sojan mulkin mallaka ya samo tushe. A watan Fabrairu na 1903 sojan nan ya ci Kano, a cikin watan kuma ya gamu da mayaƙan Kano a Kwatarkwashi, nan ƙasar Bunguɗu, inda Waziri Ahmadu ya rasa ransa. A watan Maris aka shiga Sakkwato. To, don Allah, wanda ya ce Ikko ba ta shafe shi ba, daga ina yake tsammanin bindigogin Kwatarkwashi suka fito? Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Bayan bindiga sai dogo. Layin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sa'an nan aka ja reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Kada wani ya ruɗe mu cewa don ƙaunar Zamfarawa aka yi wannan aiki. Ruwa ba ya tsami banza. An aza wa talaka haraji, aka ce da kuɗin Bature zai biya, kuɗin kuwa ba ya samuwa sai ya noma gyaɗa da auduga ya kai kanti. Kamfanoni irin su John Holt da UAC su ne masu sikeli, su ne masu yanke farashi. A gurje auduga a Gusau, a ɗure gyaɗa a buhu, jirgin ƙasa ya kai Apapa, jirgin ruwa ya kwashe sai Libaful. Abin da ke dawo mana shi ne atamfa da kananzir da gishiri, mu saya da tsada. Ashe tashar Gusau tashar jiragen ruwa ce, ruwan ne kawai babu.

A gindin wannan ciniki ne Sabon Gari ya bunƙasa. Akawuna da ma'aikatan reluwe da teloli da 'yan tireda, Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu, duk dogo ne ya kawo su. Na san za a ce ai unguwar baƙi ce, tarihinta ba namu ba ne. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni takaici, domin ita ce ainihin abin da Bature ya so mu riƙa faɗa. Shi ne ya ware wa baƙi wurin zama dabam a garuruwan Arewa, don kada akawu ɗan Kudu da manomi ɗan Zamfara su zauna su gane cewa sikeli ɗaya ne ke cutarsu. Yau an fi shekara 60 da samun mulkin kai, Gusau ta zama babban birnin jiha tun 1996, amma muna nan muna gadin katangar da shi ya gina ya tafi ya bari.

Ban ce a daina nazarin Malam Sambo Ɗan Ashafa da ya kafa Gusau ba, ko tarihin jihadi. Wajibi ne. Amma wanda ya san sunayen sarakuna bai san yadda aka sayi gyaɗar kakansa ba, rabin tarihi ya sani. Kuma wanda bai san yadda aka tsara tattalin arzikinmu ya fuskanci teku ba, ba zai taɓa gane dalilin da ya sa har yanzu muke sayar da ɗanyen kaya mu sayo sarrafaffe ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu shirin rubuta kundin digiri, musamman 'yan Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Takardun Lardin Sakkwato suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Tsofaffin da suka yi dako a tasha, da waɗanda suka yi awon gyaɗa, kullum raguwa suke yi, kowane kuwa ya tafi da abin da ke cikinsa ya tafi ke nan. A je a same su, a rubuta da Hausa, yadda jikokinsu za su karanta. Malamanmu kuma su daina mayar da ɗalibi baya don ya kawo batun Sabon Gari ko na Apapa. In ba mu rubuta ba, rahoton Razdan ne kaɗai zai rage, shi kuwa mun san wanda ya rubuta wa.

Haza wasalam.