Injin tsaga katako: a daina mai da yaron shago tebur

Yau magana ta sana'a ce, musamman ga 'yan'uwana kafintoci da ke neman abinci a nan Kudu.

Akwai wata ɗabi'a da nake gani a shaguna daga Agege har Sabon Ibadan, kuma wallahi ba ta yi mini. Filawud guda ƙafa 4 ne da ƙafa 8, teburin injin kuwa ƙarami ne, don haka fiye da rabin filawud ɗin yana reto a iska. Sai oga ya ƙwala wa yaro kira: "Kai, zo ka riƙe mini!" Yaro dai mutum ne, hannunsa na gajiya. Da ya ɗan ɗaga ko ya karkata, tsagar sai ta matse zarto, haƙoran baya su cafki katakon su wurgo shi kan mai yanka. Zarton da ke juyawa fiye da sau 3,000 a minti ba ya jiran a ce yi haƙuri.

Ni a ganina duk mai irin wannan inji ya kamata ya yi masa fukafukai, wato ƙarin tebur dama da hagu, kuma da hannunsa. Kafintan da ke ƙera wa mutane wardirob ai bai kamata ya zauna jiran na kanti ba.

Sai dai kada a yi da falanki, ko da na iroko ne. Falanki yana kumbura da damina, ya motse da rani, wata rana ka tarar ya lanƙwashe. Filawud mai kaurin milimita 18 ya fi, a yi masa firam ta ƙasa, ko mai walda ya haɗa na ƙarfe, a ɗaure da noti a jikin teburin. In ya yi faɗi a sa masa ƙafa. MDF kuwa, to, ga wanda rufin shagonsa ke yoyo ban ba shi shawara ba.

Wurin saiti ne ake gane gwani. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe daga tebur zuwa fiffike a duba. Su zo daidai, ko fiffiken ya yi ƙasa da kaurin takarda, amma kada ya fi tebur tudu ko kaɗan, don katako zai riƙa tuntuɓe. In bakinsa na waje ya sunkuya, a cusa ɗan yankin gwangwani a ƙasan notin. In ya ɗaga, a sa a sama.

Inda na fi saɓawa da abokan sana'a shi ne gamawa. Suna cewa kayan aiki ne, ba na ɗakin amarya ba, me za a yi da kwalliya? Maigida, wannan ba Kano ba ce. Danshin Legas yana shiga katako ta duk inda aka bari a buɗe. In ka manna fomeka a sama kaɗai, ƙasa ta sha danshi, sama ba ta sha ba, sai fiffiken ya bankare. Don haka fuska biyun za a rufe, har da gefuna, domin nan ne filawud ya fi shan ruwa. Fentin mai kuma ban yarda da shi a sama ba, yana riƙe katako, mutum ya yi ta turawa da ƙarfi, hannu na matsawa kusa da zarto.

Bayan fomeka, a goga kaki a fiffiken da teburin ƙarfen duka: katako zai riƙa sulɓi, tsatsa kuma ta ragu. A dai guji man goge mota mai silikon, don yana bin katako ya hana fenti kamawa daga baya. In an ji katako ya fara nauyin turawa, lokacin sake gogawa ya yi.