A Bar Yaro Ya Yi Magana da Bakinsa

Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, ta kuma tsananta hukuncin masu yi wa ƙananan yara fyaɗe a 2020. Akwai cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, kusa da mutanen Barnawa, Makera da Sabon Tasha. Sai dai shari'a kan lalace tun daga tambayar farko. Yarinya 'yar shekara bakwai za ta ba uwa labari, ta maimaita wa mai unguwa, ɗan sanda da likita, kanta a sunkuye, manya sun kewaye ta. Wani ya daka mata tsawa: "Ba wane ba ne?" Yaron da aka tarbiyyantar da kada ya musa wa babba, "e" zai ce. Haka ake sa masa magana a baki, gobe lauya ya rushe shaidar. Kamata ya yi ƙwararre ɗaya ya zauna da yarinyar a keɓe, cikin harshen da take ji, ya ce: "Gaya min abin da ya faru," ya saurara, a naɗi bayanin sau ɗaya. Iyaye, ku daina titsiye yara a gida. Ku garzaya da su wurin masana.