Kunnen Fada: Yadda Tsoron Abokan Hamayya Ya Ci Kujerar Nixon

Yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu duba abin da ya auku a fadar Shugaban Ƙasa Richard Nixon tsakanin shekara ta 1969 da ta 1974. Dalilin waiwayar wannan al'amari kuwa shi ne, a 1979 Nijeriya ta aro tsarin mulki irin na Amurka, ta kuma koma kansa a 1999, watau na shugaba mai cikakken iko wanda masu tsaro da masu leƙen asiri da masu tara haraji duk suke ƙarƙashinsa. Wanda ya ari riga kuwa, ya kamata ya san inda ta taɓa yagewa a jikin mai ita.

Da fari dai mu yarda cewa babu shugaban da zai zauna bai san abin da abokin hamayyarsa yake ciki ba. Karanta jawabansa, da bin tarihin ƙuri'un da ya jefa a majalisa, da auna farin jininsa a wurin talakawa, duk wannan halal ne a siyasa. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da aka ɗauki kayan aikin gwamnati, waɗanda aka saya da kuɗin jama'a don tsaron ƙasa, aka juya su kan mutumin da laifinsa kawai shi ne yana neman kujerar da kake kai.

Nixon ya shiga fada da tsohon miki a zuciya. A zaɓen 1960 John Kennedy ya kada shi da ƙuri'u dubu ɗari da 'yan kai daga cikin kusan miliyan 69, kuma magoya bayansa da yawa suka yi imani an yi musu maguɗi. A 1962 ya nemi gwamnan Kalifoniya ya sake faɗuwa. A 1968 ma da kyar ya sha a hannun Hubert Humphrey, kuma majalisun ƙasar duka biyu suna hannun jam'iyyar Dimokurat. Saboda haka shi da manyan hadimansa, H. R. Haldeman da John Ehrlichman da Charles Colson, suka ɗauki kansu tamkar mutanen da abokan gaba suka yi wa ƙawanya a birnin Washington.

Tun a shekararsa ta fari aka soma. A watan Mayu na 1969 jaridar New York Times ta buga labarin ruwan bama-baman da Amurka ke yi wa Kambodiya a asirce. Don a gano wanda ya tsegunta, sai aka sa hukumar FBI ta riƙa satar sauraron tarho na ma'aikatan gwamnati da 'yan jarida, har suka kai mutum 17 kafin 1971. Sunan tsaron ƙasa aka fake da shi, amma an ci gaba da sauraron waɗansu daga cikinsu bayan sun bar aikin gwamnati sun koma ba 'yan hamayya shawara. A watan Yuli na wannan shekara kuma, da Sanata Edward Kennedy ya yi haɗarin mota a Chappaquiddick wata mata ta mutu, nan da nan fada ta aika da wani tsohon ɗan sandan ciki na New York, Anthony Ulasewicz, ya je ya tono abin da za a riƙe Kennedy da shi in ya ce zai tsaya takara.

A 1970 wani matashin hadimi, Tom Huston, ya rubuta shirin da zai ba hukumomin leƙen asiri izinin buɗe wasiƙun mutane da fasa gidajen masu adawa da yaƙin Biyetnam. Nixon ya amince, sa'an nan ya janye bayan 'yan kwanaki saboda shugaban FBI, J. Edgar Hoover, ya ƙi. Darasin da fada ta ɗauka daga wannan shi ne, in hukuma ta ƙi aiki, sai a kafa 'yan aikin gida. Hakan kuwa aka yi a 1971, bayan da Daniel Ellsberg ya ba jaridu takardun asiri na Ma'aikatar Tsaro game da yaƙin Biyetnam. Aka kafa wata ƙungiya a cikin fada wadda aka yi wa laƙabi da masu gyaran famfo, wai su ne za su toshe yoyon labari. A cikinsu akwai Howard Hunt, tsohon ma'aikacin CIA, da Gordon Liddy, tsohon ma'aikacin FBI. A watan Satumba na 1971 suka sa aka fasa ofishin likitan da ke duba lafiyar tunanin Ellsberg, suna neman abin da za su ɓata masa suna da shi. Ba su sami kome ba, amma hannu ya riga ya saba.

Har wa yau a wannan shekara aka tsara jerin sunayen abokan gaba, da 'yan jarida da shugabannin ƙwadago da attajirai da 'yan majalisa. Lauyan fada, John Dean, ya rubuta takarda a watan Agusta kan yadda za a yi amfani da hukumomin tarayya a musguna musu, ta hanyar binciken haraji da hana kwangila. A watan Satumba na 1972 Dean ya miƙa wa shugaban hukumar tara haraji, Johnnie Walters, sunayen ɗaruruwan magoya bayan 'yan hamayya. Walters ya kai wa Sakataren Baitulmali George Shultz, suka yarda kada a taɓa kowa, ya kulle takardar a akwatin ƙarfe. Ku riƙe sunan wannan ma'aikaci, za mu komo kansa.

Babban abin da ya hana fada barci shi ne Sanata Edmund Muskie na jihar Maine, wanda a farkon 1971 ƙididdigar ra'ayin jama'a ta nuna yana kafaɗa da kafaɗa da Nixon. Dabarar da aka tsara ita ce a karya Muskie tun a zaɓen fid da gwani, a bar jam'iyyarsa ta tsai da wanda ya fi sauƙin kayarwa. Aka cusa masa direba wanda ke kwasar takardun kamfen ana ɗaukar hotonsu. Aka ɗauki wani lauya, Donald Segretti, yana buga wasiƙun ƙarya da sunan Muskie don ya haɗa shi faɗa da 'yan jam'iyyarsa. A watan Fabrairu na 1972 wata jarida a jihar New Hampshire ta buga wasiƙar jabu mai cewa Muskie ya yi wa Amurkawa 'yan asalin Kanada ba'a, wadda daga baya jaridar Washington Post ta danganta da mutanen Nixon. A watan Afrilu Muskie ya janye, George McGovern ya zama ɗan takara.

To, a nan ne mai hankali zai ce bukata ta biya. Amma ƙungiyar da aka kafa don leƙe ba ta rasa abin leƙawa. A watan Janairu na 1972 Liddy ya gabatar da shiri na dala miliyan ɗaya a ofishin Atoni-Janar John Mitchell, wanda ya ƙunshi satar sauraro har da sace jagororin masu zanga-zanga. Babban lauyan ƙasa bai sa an kore shi daga aiki ba. Tsada aka ce shirin ya yi, aka yi ta rage shi har ya koma dala 250,000. Ran 17 ga watan Yuni, 1972, wani maigadi, Frank Wills, ya ga an liƙa salatif a bakin makullin ƙofa a ginin Watergate, ya kira 'yan sanda, aka kama mutum biyar a cikin hedkwatar jam'iyyar Dimokurat. Ɗaya daga cikinsu, James McCord, shi ne jami'in tsaro na kwamitin sake zaɓen Nixon. Kwana shida bayan haka Nixon ya yarda a sa CIA ta taka wa FBI birki a binciken.

Abin mamaki, a watan Nuwamba Nixon ya lashe jihohi 49 daga cikin 50. Duk wannan ɓarna an yi ta ne don zaɓen da yake riƙe da shi a tafin hannu. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Alƙali John Sirica ya matsa wa waɗanda aka kama har McCord ya buɗe baki a watan Maris na 1973. Dean ya ba da shaida gaban kwamitin Majalisar Dattawa. A watan Yuli wani hadimi, Alexander Butterfield, ya bayyana cewa tun 1971 Nixon ya sa an dasa na'urar ɗaukar magana a ofishinsa. Mai sauraron mutane ashe yana ɗaukar muryar kansa. Ran 24 ga Yuli, 1974, alƙalai takwas na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa ya miƙa faya-fayen. Ran 9 ga Agusta ya sauka daga mulki. Magajinsa Gerald Ford ya yafe masa, amma Mitchell da Haldeman da Ehrlichman da Colson da Dean duk sun yi zaman kaso.

Gaskiya ce ba Nixon ya fara ba. Kwamitin Sanata Frank Church ya nuna a 1975 cewa shugabannin da suka gabace shi ma sun yi amfani da FBI a harkar siyasa, har Lyndon Johnson ya sa ta sa ido a babban taron jam'iyyarsa na 1964. Wannan ya nuna cutar tana tare da kujerar, kowa ya hau tana iya kama shi. Shi ya sa a 1978 majalisa ta kafa doka mai tilasta neman izinin wata kotu ta musamman kafin a saurari mutum a cikin ƙasa da sunan tsaro.

A ganinmu, hanyar da fada ke bi ta lalace guda ce. Shugaba ya nuna yana jin daɗin tsegumi a kan abokin hamayya, hadimai su gane cewa mai kawo tsegumi shi ke samun shiga, sai su shiga tsere, kowa na son ya fi ɗan'uwansa rashin tsoro. Mai cewa a dakata sai a ɗauke shi ragon mutum, ko ma munafuki. Abin da ya tsai da wannan tsere a Amurka shi ne an sami mutane a kan ƙananan kujeru da manya waɗanda suka san iyakar aikinsu: maigadi da ya kira 'yan sanda, alƙali da ya ƙi gamsuwa da rabin labari, da Walters da ya kulle takarda ya ƙi bincikar harajin kowa don siyasa. Ƙasar da ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko sai ta tambayi kanta ko ma'aikacinta zai iya yin irin abin da Walters ya yi ya kuma kwana a kan aikinsa.