Yaron da ya iya Python: wane littafi ya kamata a ba shi?

Malamai da iyaye, idan yaronku ya ƙware a Python ya ce zai koma harshen da ake gina tsarin kwamfuta da shi, kada ku bar shi yana ƙone kuɗin intanet kan bidiyoyi barkatai. A ganina, littafi guda da zai gama ya fi masa goma da zai leƙa.

Python na yi wa mai rubutu hidima: ita ke nemo wurin ajiyar bayanai a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke share shi. A harshen C kuwa, shi zai nemi wurin da malloc, ya mayar da free. In ya manta, manhajar ta dinga cin wuri har ta tsaya. Wannan darasin ne yaron ke buƙata.

Saboda haka ina ba da shawarar a fara da The C Programming Language na Brian Kernighan da Dennis Ritchie, wanda ya fito a 1978, aka sabunta shi a 1988. Ritchie ɗin shi ya ƙirƙiro C. Littafin bai kai shafi 300 ba, kuma an fassara shi da Faransanci da sunan Le langage C, abin da zai sauƙaƙa wa ɗalibanmu na Maraɗi da Damagaram. Sharaɗi guda ne: ya yi atisayen kowane babi da hannunsa, musamman babi na 5 mai bayanin adireshin ajiya.

Wasu za su ce littafin ya tsufa. Gaskiya ne. Mai jin Ingilishi sai ya haɗa da C Programming: A Modern Approach na K. N. King, bugun 2008, wanda ya fi shimfiɗa bayani.

Wasu kuma za su ce a tafi Rust kai tsaye, tunda littafin Steve Klabnik da Carol Nichols, The Rust Programming Language, kyauta ne a intanet. Ni dai na ce ya zo na biyu. Rust na ƙin karɓar rubutun da zai ɓata ajiya, amma wanda bai taɓa shan wuyar C ba zai ɗauki dokokinta takura kawai.

Ya ku iyaye, tsohuwar kwamfuta mai Linux ta isa wannan karatu. Malamai kuma, ku riƙa tambayar yaro atisaye nawa ya gama kafin ku tambaye shi harsuna nawa ya sani.