Gaya: an rufe gada, an koma gona

Kafin gina gadar Malanbil a 1958, Gaya garin manoma da masunta ne, Kyangawa da Dandawa. Gadar ce ta mayar da shi ƙofar hajar da ke shigowa Nijar daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wata ta zarce Kamba a Najeriya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya tsayar da manyan motoci. An ɗage shi a Fabrairun 2024, amma Yamai ta bar gadar a rufe bisa dalilan tsaro, fatauci ya koma kwale-kwale. Gaya ta fi ko'ina samun damina a Nijar, ga shinkafa ga rake. Sai dai manomi ma ba ya cin riba in babu hanyar kai kaya kasuwa.