Wai Wa Ya Naɗa Malaman Jami'a Alƙalan Adabi?

Akwai wata cuta da ke damun manazarta adabi, wato raina duk littafin da talaka ya so. Amurka ma ba ta tsira ba. Ga misali.

A 1791 aka buga labarin Susanna Rowson a Landan, sannan Mathew Carey ya sake buga shi a Filadelfiya a 1794. Shi ne aka sani da Charlotte Temple. Labarin wata yarinya ce da wani soja ya yaudara, ya kai ta New York, ya yasar da ita da ciki. An buga shi fiye da sau 200. Mutane har ziyara suka riƙa kaiwa wani kabari mai sunanta a harabar cocin Trinity, suna zubar da hawaye.

To me masana suka yi da shi? Sai suka kau da kai. A 1941 F. O. Matthiessen ya fitar da American Renaissance, ya kafa ginshiƙin adabin ƙasar kan maza biyar: Emerson, Thoreau, Hawthorne, Melville da Whitman. Mace ko ɗaya babu. Shi kuwa Hawthorne, tun 1855 yake ƙorafi a wata wasiƙa cewa mata marubuta sun cinye kasuwa. Wannan nazari ne ko hassada?

Za a ce ai yawan ciniki ba shi ne inganci ba. Gaskiya ne, Moby-Dick bai yi kasuwa ba a rayuwar Melville. Amma mai son sanin tunanin al'umma, yaya zai tsallake abin da al'ummar ta karanta har ya yayyage?

Sai a 1986 Cathy Davidson ta fito da Revolution and the Word. Ta bi tsofaffin kwafe tana duba abin da makaranta suka rubuta a jikinsu, ta nuna cewa waɗannan labarai makarantar mata ce a zamanin da ba a ba su ilimi sosai ba. Kusan shekara 200 kafin a yi wa Rowson adalci!

Masu yi wa littattafanmu laƙabin "Adabin Kasuwar Kano" cikin izgili, ku ji da kyau. Littafin da kuka hana shiga ɗakin karatu yau, shi jikokinku za su nema ido rufe gobe, su rasa. A tara su, a adana, a nazarce su, sannan a yanke hukunci. Allah ya sa mu gane.