Gawa Ba Ta Ƙirga Kanta

A watan Fabrairun 2006, bayan tarzomar Maiduguri, an far wa Hausawa a Anacha. Har yau in ka tambayi mutum goma yawan waɗanda aka kashe, amsa goma za ka ji. Haka lamarin yake game da rikicin Oyigbo ta Jihar Ribas a 2020. Waɗannan kuwa manyan fitinu ke nan da suka shiga jaridu. Ina ga mai shayin da aka daɓa wa wuƙa da tsakar dare a bakin ruwan Borokiri cikin Fatakwal, ko ɗan dakon da aka tarar a rataye a ɗakin haya? Kafin la'asar an yi masa sutura, an kai shi makwanci, an watse. Gaggauta jana'iza addini ne, ba mu ja da shi. Amma wane malami ne ya ce rubuta sanadin mutuwa haramun ne?

Za a ce mana ai ƙaddara ce, ajali ba ya jira. Haƙiƙa haka ne. Sai dai Sayyidina Umar, wanda ya fi mu sanin ƙaddara, ya juya da tawagarsa da ya ji annoba ta ɓarke a Sham. Kisan kai ma annoba ne, yana da wurarensa da lokutansa kamar kwalara, kuma tun 1996 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya ayyana shi a matsayin matsalar kiwon lafiya. Da Rodrigo Guerrero, likita masanin yaɗuwar cututtuka, ya zama magajin garin Cali a Kwalambiya a 1992, sai ya sa aka riƙa tattara bayanin kowace gawa: ina, yaushe, da wane makami. Kowa ya ɗauka aikin dillalan hodar iblis ne kawai. Lissafi ya nuna kisan ya fi yawa a dararen ƙarshen mako da lokutan biyan albashi, kuma da hannun barasa a ciki. Aka taƙaita lokacin sayar da giya, aka hana yawo da bindiga a irin waɗannan ranaku, kisa ya ragu.

Mu fa? Doka ta 69 ta 1992 ta wajabta rajistar mutuwa, amma ta fi ƙarfi a takarda. Rumbun Nigeria Watch da ke Jami'ar Badun yana tattara alƙaluman kisa tun daga 2006, sai dai jaridu ne babban madogararsa, ɗan ci-rani kuwa bai cika samun gurbi a jarida ba sai in mutuwarsa ta zo da wuta.

Na wanda ya kashe kansa ya fi muni. Dangi na ɓoyewa don kunya, sai a ce gajeriyar rashin lafiya. Sashe na 327 na kundin laifuffukan da Kudu ta gada daga Turawa ya tanadi ɗaurin shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin bai mutu ba. To wa zai kai ɗan'uwansa asibiti ya faɗi gaskiya? Sri Lanka ta ƙirga nata, ta gane gubar gona ce, ta haramta mafi haɗari, mace-macen suka faɗi warwas. Mu sai da labaran masu shan Sniper suka cika gari kafin NAFDAC ta motsa a 2019.

Ba sai mun jira Abuja ba. Kowane zango a Fatakwal da Anacha da Inugu yana da Sarkin Hausawa da limami da masu wankan gawa, kuma ba gawar da ke wucewa ba su gani ba. Littafi guda ya wadatar: shekaru, sana'a, unguwa, sa'a, sanadi, ba tare da suna ba, a riƙa miƙa wa ma'aikatar lafiya ta jiha duk wata.

Masu tsoron kada alƙaluma su haddasa ramuwa a Kano sun manta cewa ramuwar da muka sha gani jita-jita ce ta hura ta, ita kuwa ba ta san lissafi ba sai ninki. Muna ma zargin akwai wani tsoron da ba a faɗa: kada littafin ya nuna cewa wasu gawawwakin namu, hannun ɗan'uwa ne ya kwantar da su, a kan bashi ko ƙwaya ko rumfar kasuwa.